Shin Gas Ne Yake Barci? Tantan da Sanyin Hunturu a Makoda

Wata safiya cikin watan Disamba, a wani ƙauye na ƙasar Makoda da ba shi da nisa da madatsar ruwa ta Tomas, na tarar da maza biyar sun kewaye wata tsohuwar tantan ƙirar Massey Ferguson, kowa ya cusa hannu a hammata. Hazo ya rufe gari, rana ta fito fari fat ba ta da ko ɗumi. Direba ya murza makulli, inji ya juya a kasalance, ya yi tari sau biyu, ya feso farin hayaƙi ta salansa, ya yi shiru. Aka sake, aka kuma. A karo na huɗu batir ya ce ga garinku nan.

Mai tantan ɗin, wani dattijo da ya sha rawani har baki, ya ce, "Gas ɗin ne ya yi barci. Ku samo kara a hura wuta ƙarƙashin tanki."

Bakaniken da aka ɗauko daga Dambatta a bayan babur sa'ar ɗansa ne. Ya russuna ya ce, "Baba, a dakata da wutar nan tukuna." Ya tsuguna ya kwance ɗan kofin gilashin da ke ƙarƙashin matatar mai, ya ɗaga shi sama kowa ya gani. Gas na sama, garau. A ƙasa kuwa ruwa ne kamar kaurin yatsa biyu, da wani baƙin abu mai yauƙi kamar miyar kukar da ta kwana. Ya ce, "Ranka ya daɗe, ga barcin nan."

Dattijon bai yi maganar banza ba, abin da ya sani ya faɗa. Duk wanda ya taso a ƙasar Hausa ya san manja kan yi barci da hunturu, man shanu ya daskare, man gyaɗa ya yi kauri a kwalba sai an ajiye shi kusa da murhu. Shi ma gas, wato man dizal, yana iya yin haka. A cikinsa akwai kaki, dangin wanda ake yin kyandir da shi, a narke. Idan sanyi ya kai wani matsayi sai kakin ya fara fitowa ƙanana-ƙanana, man ya yi dishi-dishi. In sanyin ya ƙaru sai ya toshe matata. In ya ƙara ƙaruwa man ya daina zuba gaba ɗaya. Wannan babbar damuwa ce ga manomi a Kanada da Rasha da arewacin Amurka. Shi ya sa a ƙasashen Turai gidajen mai kan canja irin gas ɗin da suke sayarwa idan sanyi ya shigo. A Jamus, alal misali, na tsakiyar lokacin sanyi dole ya iya ratsa matata har a digiri 20 ƙasa da sifili a ma'aunin Salsiyas.

To amma ina Makoda, ina digiri 20 ƙasa da sifili? Sanyinmu na Disamba da Janairu, wanda ke sa mu rungume kaskon wuta, da asuba yakan tsaya ne tsakanin digiri 10 zuwa 14, wani dare ya ɗan gangara ƙasa da 10. Gas na ƙwarai ba ya fara nuna kakinsa sai an kusanci digiri 5 ko ƙasa da haka. Direban babbar mota da ya kwana a hamadar Bilma a Jamhuriyar Nijar, inda daren hunturu kan taɓa sifili, shi in ya ce gas ɗinsa ya yi barci ba za a yi masa musu ba. A nan kuwa, idan tantan ta ƙi tashi da sanyin safiya, kusan ko yaushe ciwon ya daɗe a jikinta. Zafin bazara ne ya rufa mata asiri, hunturu ya zo ya tona.

Wannan bambanci ba na ilimin fatar baki ba ne, domin maganin ya danganta da shi. Littattafan da ke zuwa tare da waɗannan injuna galibi manomin ƙasar ƙanƙara aka rubuta wa, kuma a can tsohon maganin barcin gas shi ne a sirka shi da kananzir. Mutum ya ji wannan ya zo ya zuba kananzir a tankin tantan a Makoda, ya sha maganin cutar da ba ta kama shi ba, ya kuma jawo wata. Zan dawo kan wannan.

Sai an fahimci yadda injin gas ke kama wuta kafin a gane me ya sa yake ƙin sanyi. Injin fetur yana da fulogi mai ba da tartsatsi. Injin gas ba shi da shi. Fistin ne ke matse iska, ya mayar da ita kashi ɗaya cikin 16 ko 18 na girmanta, matsin ya sa ta yi zafin da ya haura digiri 500, sannan nozul ya feso mai kamar hazo, man ya kama da kansa. Dabarar Rudolf Diesel ke nan, Bajamushen da injinsa ya fara aiki sosai a 1897 a garin Augsburg. A bikin baje kolin Paris na 1900 an nuna irin injin yana aiki da man gyaɗa zalla. Da mutanen Dambatta na wancan zamani sun ji labari da sun ce ai namu ne. To tunda zafin matsi ne kaɗai ashanar injin, duk abin da ya rage zafin nan ya hana tashi. Ƙarfen da ya kwana a sanyi yana shanye zafin. Injin da ringinsa ya cinye yana zubar da matsin. Injin da ke juyawa a hankali yana ba iska lokacin sulalewa. Da rana tsaka cikin Afrilu tantan mai dukan matsalolin nan uku za ta tashi da bugu ɗaya. Da asubar Janairu ba za ta tashi ba.

Saboda haka kafin a zargi mai, a saurari yadda injin ke juyawa. Idan yana jan jiki, batir ne ko baƙin mai. Batir yana rage ƙarfi da sanyi, ruwansa ya riga ya ƙone tun zafin da ya wuce, kawunansa sun yi farin gari. Baƙin mai kuwa, da yawa daga cikin masu tantan sun saba da mai lamba 40 saboda araha da kauri, shi kuma da sanyi yakan riƙe inji kamar ɗanko. Mai lamba 15W-40 ya fi sakin jiki da safe, kuma ba ya gazawa da zafin rana. Yawancin injunan Perkins da ke cikin Massey Ferguson suna da ɗan hita a hanyar shigar iska: a murza makulli a tsaya a matsayinsa daƙiƙa 10 zuwa 15, ya ƙona ɗan ɗigon gas ya ɗumama iskar, sannan a buga. Na ga tantan da yawa da wayar hitan ta tsinke shekara da shekaru, direban ma bai san akwai shi ba, domin wata tara a shekara ba a neman sa.

Idan injin na juyawa da ƙarfinsa amma ya ƙi kamawa, sai a ɗaga kai a dubi salansa. Tsofaffin kanikawa da hayaƙi suke karatu. Babu hayaƙi sam: mai ba ya isa inji, a bi hanyarsa. Farin hayaƙi mai warin ɗanyen gas: mai ya isa amma bai ƙone ba, ko zafi ya gaza, ko man ba shi da kyau, ko nozul na ɗiga maimakon fesawa. Baƙi: iska ta yi kaɗan, a duba matatar iska. Shuɗi-shuɗi: baƙin mai ne ke ƙonewa, wannan kuma maganar buɗe inji ce, ba ta safiya ɗaya ba. In kuwa ta tashi ta yi minti biyu ko biyar ta mutu, to matata ce ta cushe, ko iska na shiga layi, ko ɗan hujin numfashin da ke murfin tanki ya toshe. Wannan na ƙarshen ya sha ba mutane kunya. Ƙura kan like shi, wani lokaci zanzaro ya yi gini a kai. A kwance murfin. In an ji tanki ya ja numfashi, an kama ɓarawo.

Yanzu ga maganar ruwan da yaron nan ya nuna a kofi, wadda a ganina ita ce uwar matsalar, kuma ita aka fi yi wa gurguwar fahimta. An saba cewa tanki yana gumi da dare, iskar cikinsa ta yi sanyi ta zubar da raɓa. Gaskiya ne, amma ba a tsakiyar hunturu ba. Iskar da ke tsaga mana leɓe da kafa ƙafa ba ta da laimar da za ta tara yatsa biyu na ruwa a kofi. Ruwan nan na damina ne. Tantan ta gama haro da huɗa a Yuni da Yuli, aka ajiye ta ƙarƙashin darbejiya da rubu'in tanki, ta sha laimar Agusta da raɓar kaka. Duron da ake ajiye gas yana tsaye a tsakar gida, ruwan sama ya taru a samansa. Da rana ya yi zafi ya fitar da iska, da dare ya huce ya zuƙo ruwan ta bakin murfi ko da an ɗaure. Ruwa ya fi gas nauyi, sai ya kwanta a gindi ya yi shiru. A daidai inda ruwa da mai suka haɗu wasu ƙwayoyin halitta, dangin fumfuna, suna rayuwa suna cin man, su ne ke yin baƙin yauƙin nan. Ƙasan tanki ya yi tsatsa. Wata huɗu abin na taruwa. Sai Nuwamba ta zo, masu noman rani a bakin Tomas suka fara neman a yi musu haro don alkama da albasa da tumatir, aka tayar da tantan, ta bi gargada ta girgiza tanki, duk abin da ya kwanta ya tashi ya nufi matata. Daidai lokacin kuma sanyi ya sauka. Sai a ce sanyi ne.

Ɓarnar ruwa ba ta tsaya ga hana tashi ba. Famfon injekta na irin waɗannan injuna, mai juyawa ƙirar CAV, ba shi da wani man shafawa sai shi gas ɗin da ke ratsa shi. Ƙarafan cikinsa an goge su ne har tazarar da ke tsakaninsu ba ta wuce maikuron biyu ko uku ba, alhali gashin kan mutum ya kai kaurin maikuron 70. Ruwa ya kwana a ciki, tsatsa ta kama. A nan ne kuma kananzir ke yin nasa ta'adin: ba shi da santsin gas, ƙarfe ya riƙa cin ƙarfe. Tantan za ta yi kamar ta ji daɗi mako ɗaya ko biyu, sannan a kwance famfo a naɗe a buhu a nufi Kano wurin masu gwaji, a biya ta kasuwar Ƙofar Ruwa neman kaya, a kashe kuɗin da ya ninka na matata sau da yawa.

Ƙura ita ce ta biyu, kuma ita kam hunturu ne ya kawo ta da hannunsa. Mafi yawanta daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi iska ke kwaso ta, ga ta da laushi fiye da garin alkama. Dubi yadda ake ba tantan mai a gona: jarka a buɗe, mazurarin da ya kwana a ƙasa, tiyon da aka tsotsa da baki, tsumman da aka ɗaura a bakin mazurari wai don tacewa alhali shi ma ƙurar ce a jikinsa, iska na kaɗawa. Matata ɗaya ko biyu ne kaɗai ke tsakanin wannan da famfo. In matatar jabu ce, takardar cikinta sakwa-sakwa, to babu komai a tsakani. In kuma ta ainihi ce aka wanke ta da fetur aka mayar, an buɗe mata ƙofofi ke nan. Matatar mai ba a wanke ta, canja ta ake yi. Matatar iska kuwa da hunturu kullum take son a duba ta; mai kwanon mai a ƙasa a zubar da laka a zuba sabon mai, ta takarda a kaɗe ta a hankali.

Ta uku iska ce a cikin layi. Bushewa da sanyi suna sa tsohon tiyo ya yi tauri ya tsage, robar da ke bakin matata ta ƙanƙance. Ɓarakar ba ta isa ta zubar da mai a gani ba, amma ta isa ta bar iska ta shiga cikin dare, man ya koma tanki. Alamarta sananniya ce: tantan tana wahalar tashi da safe kawai, in ta tashi ta wuni lafiya. A sassauta ƙusar da ke kan matata, a danna ɗan famfon hannu har kumfa ta ƙare mai ya fito zalla, a ɗaure. A yi haka a jikin famfon injekta. In ta kama a sassauta bututun nozul a juya inji. Abin da kanikawa ke kira bilidin ke nan. Amma wanda ke yin bilidin kowace safiya bai gyara komai ba, ɓarakar zai nema. Gargaɗi ɗaya: kada a tara hannu gaban man da ke fita daga nozul. Ƙarfinsa ya isa ya huda fata ya shige cikin nama, kuma raunin ya fi yadda yake a ido muni ƙwarai.

Sai algus, inda maganar ta bar ƙarfe ta koma kan aljihu. A watan Janairun 2022 litar gas ba ta kai naira 300 ba. Kafin shekarar ta ƙare ta haura 800, a farkon 2024 ta zarce 1,200. Fara sayar da gas daga matatar Dangote a shekarar ya ɗan sassauta farashin, amma bai koma gidan jiya ba. Kafin a cire tallafin kananzir a 2016 shi ne babban abin sirki, saboda araharsa. Yanzu da ya yi tsada, abin tsoro shi ne gas ɗin da ake dafawa a dazuzzukan Neja Delta daga ɗanyen man sata, da wanda aka dama da tsohon baƙin mai. Irin wannan ba a rarrabe mai nauyi da mara nauyi yadda ya kamata ba, ba ya saurin kamawa, ga ruwa ga datti. Shi kaɗai ne ma zai iya yin kauri a ɗan sanyin namu, har ya gaskata maganar dattijon. Gwajinsa ba wuya: a ɗebi kaɗan a farar kwalba, a rufe, a bar shi ya kwana a waje. Da safe mai kyau yana nan garau. In an ga ya rabu biyu, ko ya yi dishi-dishi, ko wani abu ya kwanta a gindi, kada a zuba.

Ban cika ɗora laifin duka kan 'yan bumburutu ba. Tsarin haya ne ke buɗe ƙofar. A ƙasar Makoda gonaki ƙanana ne, a manne da juna, garmar shanu ce har yau ke yin mafi yawan aiki, tantan kuwa 'yan kaɗan ne da ke yawon haya daga ƙauye zuwa ƙauye. Mai ita yana Kano ko Dambatta, ya miƙa wa direba kuɗin mai. Direba ya sami jarka mai rangwame a bakin hanya, rarar ta shiga aljihunsa yau. Famfon da zai lalace bayan wata uku na maigida ne. Ba sai mutum ya zama mugu ba kafin ya faɗa wannan rami. Masu tantan da na ga injinsu ya daɗe su ne masu sayen mai da kansu a gidan mai guda da suka yarda da shi, su ajiye a duro a inuwa, a kwance a ɗan karkace, su bar shi ya kwana ɗaya ko biyu ya natsu kafin a ɗiba, kuma ba sa taɓa na gindi. Ba sa zuba gas a bokitin kwano mai ruwan tutiya, don man yana narkar da shi ya je ya like nozul.

Dabarun gaggawa da aka saba da su sun cancanci a yi musu magana ba sakaye. Wuta ƙarƙashin tanki: ga tiyo, ga mai na ɗiga, ga karan dawa da harawa a jibge ko'ina cikin rani, ga iska. Tsumman fetur a bakin shigar iska: yana tayar da inji kam, amma da bugun da ke karya ringi, kuma in hita na kunne wuta na iya tashi a fuskar mai riƙe da tsumman. Injin da aka saba wa fetur kuma matsinsa ƙara raguwa yake, har ya zama ba ya tashi sai da shi. Murza makulli ba ƙaƙƙautawa yana ƙona sitata. Daƙiƙa 15 ta isa, a huta minti ɗaya ko biyu. Akwai kuma wata tsohuwar al'adar kanikawanmu ta cire tamostat, ɗan abin da ke tsare ruwan lagireto har inji ya ɗumama, wai ƙasarmu zafi gare ta. Da hunturu injin da aka yi wa haka yakan daɗe bai kai zafin aikinsa ba, yana shan mai yana tara baƙin toka a nozul. Abin da ba shi da haɗari kuwa arha ne: a kwantar da tantan a bayan katanga inda jaura ba ta bugunta, hancinta na kallon gabas, a jira hantsi in aikin ba na gaggawa ba ne, ko a kwarara ruwan ɗumi a kan matata da bututun iska.

Abin da ya sa safiya ɗaya take da tsada shi ne lokaci. Alkama a ƙasar Kano daga tsakiyar Nuwamba zuwa tsakiyar Disamba ake son ta shiga ƙasa, don ta yi ido cikin sanyi kafin zafin Maris ya cim mata. Tantan ɗaya ta kwanta mako guda a wannan tsakani, manoma ashirin ne ke layi, kowa ya biya kafin alƙalami. Gwamnatoci tun zamanin Gwamna Audu Baƙo sun gina madatsun ruwa, an harhaɗa tantan Fiat a Kano da Steyr a Bauchi, ana ta rabon sababbi ana ɗaukar hoto. Wanda ba a cika ji ba shi ne an tara direbobi a watan Oktoba an nuna musu yadda ake zubar da gindin tanki. Ga Kwalejin Aikin Gona ta Audu Baƙo nan a maƙwabta, ga malaman gona na hukumar KNARDA. Horon kwana biyu bai kai kuɗin tayar tantan guda ba. Sababbin injuna masu famfon lantarki da ke shigowa yanzu, waɗanda matsin mansu kan ninka na tsofaffin kusan sau goma, ba za su yi haƙurin da Perkins ya yi da mu ba.

A waccan safiyar, yaron ya sa aka juye tanki kaf a baho, aka ɗauraye shi da gas mai kyau, ya sa sabuwar matata da ya zo da ita a aljihun jaka, ya fitar da iska, ya kankare kawunan batir da wuƙa, aka jona da na wata motar ɗaukar kaya. Wajen ƙarfe goma, rana ta ɗan yi ƙarfi, ta tashi a bugu na biyu. Dattijon ya ƙirga kuɗi ya ba shi, har ya ƙara masa na goro. Yaron ya hau babur, sannan ya waiwayo ya ce, "Baba, ina duron da kuke ɗibar man?" Aka nuna masa shi can a jikin rumbu, a tsaye, samansa cike da ƙasa da busasshen ganye, tiyo a zure har gindi. Ya sauko daga babur ɗin.